Wayar da Yaya Ya Sayo

Ran Talata da ran Alhamis ake aikin hannu a ajin lantarki, kuma kowa a gidan ya san da haka, domin tun da sassafe Auta take goge shuɗiyar rigar aikinta ta rataye a bakin ƙofa. Shekararta ta ƙarshe ke nan a sakandare. Makarantar tasu tana cikin waɗanda ake haɗa wa ɗalibai karatu da sana'a, ita kuma wuta ta zaɓa: jan waya, ɗaura soket, gano inda layi ya yanke. Su ashirin da uku ne a ajin, mata biyu. Wata huɗu ya rage su zauna jarrabawar da za ta ba su takardar shaidar aiki.

Wannan Talatar tana cikin ɗaure igiyar takalmi, Yaya ya turo babur ɗinsa tsakar gida ya tsaya a kanta.

"Cire rigar nan. Yau tare za mu fita."

"Yaya, yau fa aikin hannu gare mu."

"To ni aikin ƙafa na ce miki za mu yi?"

Ya yi dariya shi kaɗai. Yaya bai taɓa zama ajin lantarki ba. Ya taɓa bin wani mai wayarin wata biyu yana riƙe masa tsani, suka ɓata, ya dawo gida. Amma Allah ya ba shi baki, kuma ya buga kati mai hoton ƙwan fitila, an rubuta Injiniya da manyan baƙaƙe. Tun ranar da Auta ta tayar da fankar falo wadda ta shekara ba ta juyawa, ya fara karɓo aiki yana ɗaukar ta Asabar da Lahadi. Yau ne ya fara taɓa ranar makaranta.

Auta ta juya wajen mahaifiyarsu, wadda ke tsugune tana wanke kofuna. "Umma, ki yi masa magana."

"Ki bi shi mana. Rana ɗaya ce, makarantar guduwa za ta yi?"

"Ana kiran suna, Umma. Wanda ya rasa kwana shida ba a sa shi a jarrabawa."

"Shida aka ce, ba ɗaya ba. Ɗan'uwanki ya samu aiki, ke kuma Allah ya sa kin iya, sai ki tsaya yi masa lissafin kwanaki? Abincin da kike ci daga sama yake faɗowa?"

Baba yana zaune a kujerarsa ta roba da rediyo a kunne. Tun da ya bar aiki wurin zamansa ke nan. Ya ɗago ya dubi Auta, ya dubi Yaya, ya ƙara wa rediyon murya.

Ta cire rigar ta ninke.

Aikin a wani gida ne mai ɗaki uku. Yaya ya gabatar da ita ga maigidan yana dafa kafaɗarta. "Ƙanwata ce, tana koyo a wurina. Ina so in ga ta zama mutum." Daga nan ya ja kujera inuwa, shi da maigidan suka kama hirar ƙwallo. Auta ta hau silin. Zafi ya taru a ƙarƙashin kwano kamar an rufe tukunya, ƙura tana shiga mata hanci, tana jan waya da gwiwa a kan katako. In ta sauko shan ruwa sai Yaya ya tashi ya zagaya ɗakin da hannu a baya, ya ƙwanƙwasa bango, ya ce, "Wannan ya ɗan karkace, amma ba laifi, kina ƙoƙari." Da yamma fitilu suka kama gaba ɗaya. Maigidan ya riƙe hannun Yaya yana girgizawa yana cewa lallai Injiniya ka san aiki.

Rana ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama uku.

Malamin ajin lantarki dattijo ne siriri, yatsansa ɗaya a lanƙwashe tun wata wuta da ta taɓa shi yana saurayi. Ɗalibai suna kiransa Malam Fis a bayan idonsa, saboda haƙurinsa yana saurin yankewa kamar fis, 'yar wayar nan da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa. Ran Alhamis ta uku ya tsayar da ita bayan an tashi, ya buɗe rajista a kan teburin aiki tsakanin filaya da guntayen waya.

"Uku," ya ce, yana nuna mata jan biro. "Ke da ba kya ko makara. Lafiya?"

"Umma ce ba ta jin daɗi, Malam."

"Ba ni hannunki."

Ta miƙa. Ya juya tafin, ya dubi sababbin kanta da yankan waya a gefen yatsa.

"Ciwon Umman taki a cikin silin yake?"

Ta sunkuyar da kai.

"Saurara. A ajin nan ba wanda ya kai ki tsabtar haɗi, har mazan, kuma ba na faɗa wa ɗalibi haka sau biyu. Amma rabin sani ne da ke, rabin sani kuwa a wannan sana'a shi yake kashe mutane. Kin san doka. Ɗalibi ba ya aiki a waje sai ƙarƙashin mai lasisi. In aka kama ki, ni ma ba zan iya tare miki ba. Wa yake ɗaukar ki?"

"Ba kowa, Malam."

Ya rufe rajistar da ƙarfi har ƙusoshi suka yi tsalle a kan tebur. "Je ki."

Aikin da ya biyo baya shagon wata mai ɗinki ne a bakin titi, mace mai fara'a da tabarau a ƙarshen hanci. Ta ƙara girman shagon, ta sayi kekuna huɗu masu aiki da wuta da manyan dutsen guga biyu, tana so a sake mata wayarin gaba ɗaya. Yaya ya ce mata ta kwantar da hankalinta, kayan aiki shi zai sayo da kansa, don kasuwa ta cika da jabu.

Auta ta buɗe buhun da ya kawo. Ta ɗauko nadin wayar ta auna da yatsa, ta jira har mai ɗinkin ta fita, sannan ta ce a hankali, "Yaya, wannan wayar fitila ce. Ba za ta ɗauki dutsen guga ba."

"Waya waya ce."

"Dutsen guga ɗaya ya fi kekunan nan huɗu jan wuta. Mai kauri ake sa masa, milimita biyu da rabi. Wannan ko ɗaya da rabi ba ta kai ba." Ta kankare bakin wayar da wuƙa. Jan ya tashi, wani farin ƙarfe ya bayyana a ƙasa. "Duba, ba ma jan ƙarfe ba ne. Shafe aka yi mata."

Ya fizge wayar daga hannunta, ya leƙa ƙofa. "Ke, rage murya. Wata nawa kika yi a ajin da za ki koya min aiki? Duk garin nan da ita ake yi. Malamin naku a littafi yake wayarin, mu a duniya muke yi."

"Za ta yi zafi, Yaya."

"In ta yi zafi ta sha iska. Hau tsani."

Ta hau. Abin da ta iya yi shi ne ta raba layin gida biyu don nauyin ya ragu, ta ɗaure kowane haɗi da kyau, ta kuma dage sai da aka sa bireka, ɗan makunnin nan da ke yanke wuta da kansa in waya ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. Kwana biyu aikin ya ci, Talata da Alhamis. Jan biro ya zama biyar.

Ran Alhamis ɗin ne, da azahar, tana saman tsani da tsirarar waya a hannu, Yaya ya ga wayarsa ta hannu ta kusa mutuwa. Bai tambaya ba, bai ɗaga kai ba. Ya je bayan shago ya mayar da babban makunnin da ta kashe da hannunta, don ya sa caji. Auta ta ji kamar an doke ta da guduma tun daga tafin hannu har haƙora. Yatsunta suka damƙe wayar suka ƙi saki, nauyin jikinta ne ya fizge ta, ta faɗo kan tarin yadi. Ta jima tana kallon silin ba ta san inda take ba, tana jin warin ƙonanniyar fata.

Mai ɗinkin ta rugo tana salati. Yaya ya riga ta magana.

"Ba komai, Hajiya, santsi ne. Na sha gaya mata ta riƙa kula. Yaran yanzu sai garaje."

A gida Umma ta wanke mata tafin, ta shafa man ƙuna, ta ɗaure da tsumma mai tsabta. Idon Umma ya kawo ruwa, har Auta ta ɗauka yau za a ce wani abu.

"Umma, shi ya kunna. Ina kan waya ya kunna."

"Da gangan ya yi? Ɗan'uwanki zai so ki mutu? Tsautsayi ne, ki gode wa Allah da ya tsaya nan." Ta ƙulle bakin tsumman. "In malaminku ya tambaya, ki ce tukunya ce."

Sati guda ta yi tana riƙe biro da ƙyar. A ajin aikin hannu ta kasa matse filaya, ƙawarta ce ta riƙa yanka mata waya. Malam Fis ya dubi tsumman, ya ji labarin tukunya, ya daɗe a tsaye a bayanta.

Ana cikin haka mai ɗinkin ta fara kira. Da an kunna dutsen guga na biyu sai wuta ta ɗauke, sai an je an ɗaga birekar. Sau goma a yini, aiki ya ƙi ci gaba. Yaya ya ɗauki Auta ran Asabar suka je. Mai ɗinkin tana can gaban shago tana auna wata mata, su biyu suka tsaya a gaban akwatin wuta da ke bango ta baya.

"Wannan abin da kika dage a sa shi ne yake zubar min da mutunci," in ji Yaya. "Cire shi ki haɗa kai tsaye."

"Ba shi ne matsalar ba. Gaya mana yake yi wayar ba ta iyawa. In aka cire shi ba abin da zai tsayar da wutar. A sake waya, Yaya, layin guga kawai, yini ɗaya ne."

"In ce mata me? Wadda na sa ba ta da kyau?"

"Ba zan cire ba."

Bai taɓa jin wannan kalmar daga bakinta ba. Ya dube ta sama da ƙasa, ya karɓe sukundireba daga hannunta. Wannan karon ya tuna ya kashe babban makunni. Ya yanko guntuwar waya, ya murɗa ta yadda ya ga dama, ya tsallake birekar da ita, ya rufe akwatin. Cikin duk aikin shagon nan, wannan kaɗai ne abin da Yaya ya yi da hannunsa.

Aka kunna dutsen guga biyu, wuta ba ta ɗauke ba. Mai ɗinkin ta tafa hannu. "Ka ga aikin manya! Ke kuma ki dage da koyo, kin samu malami a gida."

Auta ta buɗe baki, Yaya ya taka mata ƙafa.

Ta gaya wa Umma suna isa gida. Ta gaya mata da kalmomin da za ta gane: wayar za ta yi zafi a cikin silin, robarta ta narke, ga katako, ga yadi.

"Ke dai ba kya son ki ga yayanki ya ci gaba," in ji Umma. "Matar ta ce ta gode, ke kina jawo mata gobara da bakinki. Kul na ji kin je kin faɗa mata wata magana. In sunansa ya ɓaci, namu ne ya ɓaci."

Ta gaya wa Baba. Ya rage rediyo ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, Allah ya kiyaye." Ya mayar da murya.

Lahadi shagon a rufe yake. Litinin Auta ta yi niyyar biyawa ta can in an tashi, ta zo har kwanar titin, ta hango mai ɗinkin tana dariya da wata, ta tuna fuskar Umma, ta juya. Ta ce gobe. Talata ta zauna a aji ba ta ji ko kalma ɗaya ba, ta ce yau kam sai ta faɗa, ko me za a yi mata. Da aka tashi ta fito da gudu. Tun daga nesa ta ga hayaƙi.

Mutane sun cika titi da bokitai. Rufin shagon ya rufta, kekuna huɗu suna tsaye baƙi ƙirin a cikin ruwa da toka. An ce daga silin ta fara, ana tsakar aiki. Ba wanda ya mutu. Mai ɗinkin ta koma ciki don ta kwaso kayan mutane, hannunta na dama ya ƙone har gwiwa, an tafi da ita asibiti.

Kwana biyu bayan haka aka kira Auta falo bayan la'asar. Baba ya kashe rediyo, abin da ya sa ta san maganar babba ce. Yaya yana zaune a ƙasa, idonsa ja, ya rame cikin kwana biyu.

Umma ce ta yi magana. Ƙanen mai ɗinkin ya ce sai ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Yaya ya riga ya shaida masa cewa shi kayan kirki ya bari, ya fita wani aiki ya bar ƙanwarsa, ita ce ta yi ta gwaje-gwajenta na makaranta. Yanzu mutumin ya ce zai je makarantar gobe ya ji daga bakinta.

"Abin da yayanki ya faɗa shi za ki faɗa."

Auta ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Umma, na gaya miki fa. A ɗakin nan na gaya miki."

"Na ji, kin gaya min. Yanzu maganar me ta wuce ake yi? Shi in aka kama shi rufe shi za a yi. Ke yarinya ce, ɗaliba, faɗa za a yi miki a ce ki tafi. Kina so ki ga ɗan'uwanki da ankwa?"

"Kora ta za a yi."

"Ba za a kore ki ba," in ji Yaya da sauri. "Malamin nan yana ji da ke, kowa ya sani. Auta, ki rufa min asiri. Wallahi daga wannan na daina. Kuma tsakani da Allah, ke kika ja wayar ko ba ke ba?"

Nan ya same ta. Ita ta ja wayar. Ta san abin da ke cikinta ta ja ta, ta kuma tsaya a kwanar titi ran Litinin ta juya. Ta dubi Baba.

"Ki yi haƙuri, Auta," ya ce, yana kallon tafin hannunsa. "Gida ake dubawa."

Ofishin shugabar makaranta ƙarami ne, kujeru ba su isa ba. Shugabar tana bayan tebur. Mai ɗinkin tana zaune da hannu a naɗe cikin farin bandeji, ƙanenta a tsaye a kanta. Umma da Yaya suna gefe. Malam Fis ya shigo a ƙarshe da wani abu a leda, ya zazzage shi a kan tebur: birekar ce, ta yi baƙi, da guntuwar wayar a murɗe a jikinta. Da ƙafarsa ya je shagon ya tono ta.

"Ni dai ita na gani a kan tsani kullum," in ji mai ɗinkin, muryarta a dashe. "Shi yana ƙasa muna hira. Ban ce ta yi da mugunta ba. Amma hannun nan da shi nake ci."

Shugabar ta juya ga Auta. "Ke kika yi wayarin shagon?"

"Ni ce."

"Kin san doka?"

"Na sani."

Malam Fis ya ɗaga birekar. "Ranki ya daɗe, a ba ni minti ɗaya. Na bi haɗin shagon nan ɗaya bayan ɗaya, waɗanda wuta ta bari. Nata ne, na san hannunta. Amma wannan," ya nuna murɗin, "ko ɗan aji ɗaya ba zai yi shi ba. Wannan ɗaurin igiyar shanya ne. Kuma wanda ya san ya sa bireka ba shi zai dawo ya tsallake ta ba. Mutum biyu ne suka taɓa akwatin nan." Ya matso kusa da ita, ya sassauta murya yadda ba ta taɓa ji ba. "'Yata, dube ni. Wa ya sayo wayar? Wa ya yi wannan?"

Tana jin numfashin Yaya a bayanta. Umma gefen mayafinta kawai take murzawa, tana murzawa, leɓenta yana motsi.

"Ni ce, Malam."

"Ki sake tunani."

"Ni na sayo. Ni na haɗa."

Ya jima yana kallonta. Sannan ya mayar da birekar cikin leda, ya juya ya dubi Yaya tun daga takalmi har hula, ya ce, "Injiniya, ko?" Ya fita bai jira a sallame shi ba.

Aka cire sunanta daga jarrabawa, aka dakatar da ita daga ajin. Ƙanen mai ɗinkin ya ce tunda yarinya ce ba zai kai ta gaban hukuma ba, ya bar ta da Allah. A hanyar gida Umma ta riƙa hamdala. Yaya ya tsaya ya sayo lemo mai sanyi ya miƙa wa Auta. Ta riƙe kwalbar har gida ba ta buɗe ba.

Ranar jarrabawa tana shara a ƙofar gida 'yan ajinsu suka wuce cikin shuɗɗan riguna, kowa da akwatin kayan aikinsa. Ƙawarta ta ɗago mata hannu, ta sauke da sauri kamar ta yi laifi. Auta ta koma ciki ta tarar da Yaya yana ɗaure buhu a bayan babur.

"Yawwa, ga ta nan," in ji Umma. "Yayanki ya samu aiki a wata unguwa, can ba a san zancen ba. Tunda yanzu ba ki da makaranta, ai sai ki bi shi, ya fi zaman banza."

Auta ta tsaya da tsintsiya a hannu. "Ya ce ya daina."

"Ya daina ya ci me? Wannan karon zai kula."

Ta yi tunanin ta ce ba ta zuwa. Sai ta ga in ba ta je ba shi kaɗai zai tafi, ya yi da hannunsa. Ta ajiye tsintsiyar ta hau babur.

Sabon gida ne, ko fenti ba a yi ba. Mai shi wani dattijo ne mai furfura, ya zagaya da su yana murna. Nan ɗakinsa, nan na uwargida, nan kuma na jikokinsa uku da yake riƙo, yana so a sa musu abin dafa ruwan wanka don ƙaramar tana da ciwon ƙirji. Yaya ya dafa kafaɗar Auta ya fara, "Ƙanwata ce, tana..."

"Baba, ka yi haƙuri," ta ce wa dattijon. "Yayana bai iya aikin wuta ba, ba shi da lasisi. Ni nake yi masa, ni ma ban gama koyo ba, an kore ni. Aikinmu na ƙarshe shago ne, ya ƙone, matar ta rasa hannun ɗinkinta. Ka nemi mai takarda, ka kuma sayi wayarka da kanka."

Dattijon ya dubi Yaya. Yaya ya yi dariya, ya ce yarinyar ba ta da lafiya, tun da wuta ta ja ta kanta ya taɓu. Dattijon bai yi dariya ba. Ya ciro katin daga aljihu ya miƙa masa abinsa, ya raka su har ƙofa.

Yaya bai ɗauko ta ba. A ƙafa ta dawo, tafiyar awa biyu cikin rana. Kafin ta iso labari ya riga ta.

Abin da aka faɗa a gidan ran nan, da washegari, da satin da ya biyo, ɗaya ne: Auta ta kashe wa yayanta kasuwa. Ta tona asirin gida a gaban bare. Goggo ta zo takanas ta yi mata faɗa. Maƙwabciya ta ce yaran yanzu ba su san girman na gaba ba. A cikin duk masu maganar nan ba wanda ya ce an kashe wa Auta shekara uku na karatu. Ba wanda ya tambayi yadda tafin hannunta ya warke a tamuƙe, ko yadda mai ɗinki take cin abinci da hagu. Waɗannan tsautsayi ne. Magana huɗu da ta faɗa wa dattijo, su ne laifi.

Bayan sati biyu ƙawarta ta kawo mata takarda daga Malam Fis. Ya yi ta kai da kawo har shugabar ta yarda Auta ta maimaita shekarar, in uba ko uwa sun sa hannu sun kuma yi alkawarin ba za a sake fita da ita aiki ba. Ran Juma'a ake rufe karɓa.

Ta kai wa Baba da biro. Ya karanta har ƙasa, ya ce ta kai wa Ummanta. Umma ta karɓa ta ɗora a kan talabijin.

"Ki je ki durƙusa ki ba yayanki haƙuri, ki kuma koma wurin dattijon nan ki ce ƙarya kika yi. In kin yi, in sa hannu."

"Umma, jikokinsa a ɗakin za su kwana."

"To, takarda tana nan."

Laraba ta sake roƙo. Alhamis ta durƙusa a gaban Baba har gwiwarta ta yi sanyi, ya ce ta bi a hankali, uwa ba a ja da ita. Ta ce za ta ba Yaya haƙuri, amma ba za ta koma wurin dattijon ba. Umma ta ce rabin biyayya ba biyayya ba ce.

Juma'ar ta zo ta wuce.

Da yammacin ranar wata baƙuwa ta shigo gaishe da Umma, ta ga Auta a tsugune tana wanke kofuna, ta ce, "A'a, wannan ba ita ce mai karatun lantarki ba? An gama ne?"

Umma ta gyara zama, ta yi ajiyar zuciya irin ta uwar da ta yi iya ƙoƙarinta.

"Ina fa. Mun yi, mun yi. Karatun ne bai karɓe ta ba."